Telan da Ya Mai da Jan Ƙyalle Ciki

Da an idar da sallar asuba, Maman Lawali yakan buɗe shagonsa na Sabon Gari, ya share ƙofa, ya ɗiga wa keken ɗinkinsa mai, sannan ya zauna ya fara mita. Zare ya yi tsada, telolin yanzu ba su iya yanka ba, wandon da aka kawo masa ya fi ƙarfin faci. Maƙwabta sun saba, har in ba su ji ba sai su leƙo su ga ko lafiya. Bana dai ido ya ƙi, kafar allura ta daina ganuwa, ya ce da watan nan ya mutu zai rufe keke. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana da rai, ya ji da kunnensa.

Mutanen Maraɗi da aljihun ɓoye suka san shi. 'Yan kasuwa masu tsallaka iyaka wajensa suke kai riguna, ya yi musu aljihu a hammata ko a bayan wuya, wanda ko mai wanki sai an nuna masa. Wannan gwanintar ce ta yi wa wasu bayin Allah rana a shekarar babban fari, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa.

Hatsi ya ƙone a gona, ƙauyuka suka kwararo cikin gari. Wani babba daga masu iko ya ga tituna sun cika, ya ba da umarni, mai shela ya zaga da shi: duk mai taɓin hankali, da duk wanda ba ya amsa magana kamar sauran mutane, a ɗinka masa jan ƙyalle a ƙirjin riga, don a san yana da masu shi. Wanda aka tsinta ba alama, babbar mota za ta kwashe shi zuwa wani sansani a bayan gari. An ce don amfaninsu ne, wataƙila ma haka mai umarnin ya nufa. Amma yara ba su daɗe ba suka gane ma'anar jan ƙyalle, suka fara jifa.

Ana cikin haka wata mata daga Tsibiri, Zalihatu, ta shigo shagon da ƙanenta Idrisa. Namiji ne cikakke, har da gemunsa, sai dai maganarsa ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu, ba ya kallon idon mutum, kuma in an taɓa shi sai ya toshe kunne ya yi ta kururuwa. Yau likitoci sun ba abin suna, a lokacin kuwa taɓaɓɓe kawai ake cewa. Kullum yakan shigo gari ya wanke wa Maijidda mai tuwo kwanuka, ladansa kuwa kwano guda na tuwo da yake komawa da shi gida.

"Tela, ka ga inda muke," in ji Zalihatu. "In ba a sa mashi ba, mota ta tahi da shi. In an sa, Maijidda ta ce masu cin tuwo ba su ci a kwanon da mai jan ƙyalle ya wanke. Kuma kwanon nan da yake kawowa, shi muke ci da ni da inna da ɗiyana."

Maman Lawali ya dubi rigar Idrisa, ya ce abin mai sauƙi ne. Zai kafa ƙyallen daga cikin wuyan riga, in an jawo shi ya sauko a ƙirji, in an mayar ya ɓace. A tuɓe rigar kawai.

Nan sauƙin ya ƙare. Idrisa riga ɗaya yake yarda da ita, kuma ba ya tuɓe ta a gaban baƙo. Sai dai a ɗinka tana jikinsa, abin da mutanenmu suka camfa, wai tsiya yake jawowa. Zalihatu ta tuna masa haka.

"Ƙanwata, wace tsiya ta rage wadda ba ta iso ba?" in ji shi.

Bai yi gaggawa ba. Kowace safiya Idrisa ya biyo ta shagon, tela ya zauna kusa da shi yana ɗinke-ɗinken tsummoki da hannu, ba ya kallonsa, ba ya yi masa magana. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ya yi shiru don mutum ɗaya. Da Idrisa ya saba da allurar, sai ya ɗinka masa ƙyallen a tsaye, yatsarsa ba ta taɓa fatarsa ba.

Saura a koya masa lokacin da zai fito da shi. Akwai rigar kakin wani jandarma, irin jami'an da ke bin babbar motar, da aka kawo gyaran maɓalli. Maman Lawali ya tura ƙofa, ya saka ta, tumbi ya hana ta rufuwa, ya tsaya yana muzurai. Da ya ɓullo daga bayan labule sai Zalihatu ta nuna wa Idrisa ya jawo ƙyallen, da ya koma sai ya mayar. Haka suka yi ta yi har ya iya da kansa. Saka kakin da ba naka ba a wancan zamani ya isa a ɗaure mutum, kuma ya sani. Rabi'u mai faci, maƙwabcinsa, ya leƙa ta tsagar ƙofa wata rana. Har yau in ya tuna sai ya yi dariya: "Wallahi na ɗauka kama shi anka zo yi, ashe shi ne sojan!"

Labari ya bi dangi. Daga Jiratawa aka riƙa kawo masa mutane, wasu da 'yar albasa a hannu don godiya. Daga Tsibiri ma haka. Bai mai da kowa ba.

Wata safiya babbar motar ta tare Idrisa a hanya. Ya ga kaki, ya jawo ƙyallensa, suka bar shi ya wuce. Amma sarjan da ke cikin motar ya gane hannun da ya yi ɗinkin, don shi ma da irin aljihun a wandonsa. Kafin azahar an ɗauki tela da kekensa.

"Alama ta gani ce, ba ta ɓoyo ba," in ji babban da aka kai shi gabansa.

"Ranka ya daɗe, ku kunka ce kuna so ku san su, kuma kun san su. Yaran da ke jihwa ba su sunka yi doka ba."

Aka ce ya faɗi gidajen duk waɗanda ya yi wa, a je a mai da ƙyallen waje. Ya ce shi riguna ya sani, bai san mutane ba. Ƙarya ce, kuma duk garin an san ƙarya ce, don mutum ne da ya san kakan kowa. Ya yi kwanaki a tsare har aka gaji da shi, ya fito yana ɗingishi. Keken kuwa sai da damina ta faɗi aka mayar masa. Kafin nan da allura da zare ya ciyar da gidansa, ya ci gaba da kafa ƙyallen a ciki. Dokar ta mutu ba tare da an yi mata shela ba.

Maman Lawali, kai ne ka ga mutum a inda wasu suka ga abin jifa. Kai ne aka ba ka jan tsumma ka tona asirin mutane, ka rufa musu da shi. Ba ka ture doka ba, ba ka da ƙarfin haka, amma ka rage mata kaifi da abin da ke hannunka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ƙafar nan. Mu kuma, duk ranar da aka sake cewa a sa wa irin su Idrisa alama don amfaninsu, a riga ne ko a kati, mu fara tambaya wa zai ga alamar, kuma me zai yi da ita.

Da Zalihatu ta ji zai rufe shago, ta hau mota daga Tsibiri ta zo, tsohuwa da sandarta. Ta zauna a bakin ƙofa.

"Na san mutum uku da motar nan ta ɗauka, har yau ba mu ji labarinsu ba," ta ce. "Idrisa nawa yana ɗaki, ya yi hurhura. Jiya ma sai da munka yi hwaɗa da shi a kan rediyo."