Hotunan Kawu Maikano

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar kasuwar Dogon Dutsi, abin ya fara lalacewa. A lokacin ne Kawu Maikano, ƙanen mahaifiyata, ya sauka daga kabu-kabu da kyamara a wuya, ya ce yau ya zama mai hoto. Ni ina lise a lokacin, wato babbar sakandare, sai ya miƙo mini ɗan littafin bayaninta na Faransanci in karanta masa. Na karanta sau biyu, har da ja layi. Bai saurari ko shafi ɗaya ba.

Ku da kuka san shi kun san ba ya ɗaukar hoton mutum sai ya gaishe shi. Ina wuni, ina gida, ina gajiya, yaya damina. A dandalin kokowa na Matankari ya tsaya gaida ɗan kokowa ana tsakiyar kamu. Kafin ya latsa, an kayar an tashi. Ƙura muka samu da ƙafar makaɗi.

Ni abu ɗaya nake so, hoton Kaka mai kyau, tun tana da rai. Kaka mahaifiyarsa ce, ta tsufa ƙwarai, kuma ba ta yarda kowa ya ɗauke ta sai shi. Shi kuwa in ya zo gabanta sai ya cire takalmi ya tsuguna, ya ɗauko hotonta daga ƙasa. Haɓa da ƙofar hanci, shi ke nan. Ga shi kullum rana tana bayanta, fuska baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

Kunya ba ta bar ni in gyara wa kawuna a baki ba. Sai na rubuta a takarda cewa ya miƙe tsaye, ya juya Kaka ta fuskanci haske kamar yadda littafin ya ce, na sa masa a jakar kyamara. Washegari ya kira ni gaban mutane.

"Ɗiyata, Nasaran da ya rubuta littahin ga, yana da uwa?"

Na ce ban sani ba.

"To ki bincika, kana mu yi magana."

Kaka ta rasu da kaka, shi ya bi ta kafin damina. Da na zauna duba katin kyamarar, sai na ga hotunan awakinsa da rumbunan gero da dutsen garin, tsaf, haske daidai, babu karkata ko ɗaya. Haushi ya kama ni. Na kai wa matarsa, Inna Hajo, hotunan, na tambaye ta me ya sa mutumin da ya iya ɗaukar akuya haka ya bar mu babu fuskar Kaka.

Ta daɗe tana kallon haɓar Kaka, tana dariya tana share ido.

"Ya iya mana, ɗiyata. Tsayawa bisa kan uwatai ne bai iya ba, balle ya shanya ta ga rana. Tun yana yaro haka yake ganin ta, daga ƙasa. Allah shi jiƙan su, shi sa suna inuwa guda."