Yatsun Baba Biyu

Babana likita ne, yana da ɗan asibitinsa a Nasarawa Gwom, inda yake duba iyali guda tun daga kaka har jika. Da ciwon sukari ya kama shi, bai gaya wa kowa ba. Shi ke auna kansa, shi ke zaɓar wa kansa magani, ya haɗiye a tsaye tsakanin majinyaci da majinyaci. Da muka ga yana ramewa, ya ce aiki ne. Da ya fara kwana da safa, ya ce sanyin Jos ne.

Wari ne ya tona asirin. Na dawo gida daga jami'a a Naraguta, na shiga ɗakinsa zan gaishe shi, sai warin ya buge ni tun daga bakin ƙofa.

Na ce, "Baba, don Allah cire safar nan in gani."

Ya ce, "Ke ce likitan ko ni?"

"Kai ne, Baba. Amma ƙafar nan tana wari."

Ya kore ni, ya daina amsa gaisuwata. Mama ta yi roƙo har da kuka, ya ce duk likitocin garin nan sun san shi, ba zai kwanta su tsaya a kansa su samu abin hira ba. A lokacin na tsani wannan girman kai nasa fiye da ciwon.

Wata safiya zazzaɓi ya kayar da shi a bakin mota, muka kwashe shi zuwa babban asibiti. Likitar da ta karɓe mu ta taɓa aiki a ƙarƙashinsa, masifarsa ce ta sa ta bar wurin. Ta kwance bandejin da ya naɗe ƙafar da shi, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Oga, tun yaushe?"

"Bai daɗe ba."

"Oga, ni fa likita ce. Wannan ya kwana biyu."

Ya ce a kira masa babba, ba yarinya ba. Ya raina allurar da ta rubuta, ya fizge ƙarin ruwan da aka sa masa, jini ya ɓata zanin gado. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "A ɗakin nan kai majinyaci ne. Yau yatsu biyu za mu cire. In ka koma gida, ƙafar ce gaba ɗaya. Zaɓi."

Ya juya fuska bango. Aka cire yatsun.

Bai taɓa gode mata ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa ɗaya ya kamata ta cire, hannunta ne bai nuna ba. Mama ce ta yi ta wanke miki a durƙushe, yana gyara mata riƙon auduga da tsawa, kuma wannan ne har yau ban yafe masa ba.

Yanzu wani likita, tsohon abokin karatunsa, yake gani a Kwararafa, shi ma sai an yi rigima. Ni nake tuƙa shi. Yakan sa in ajiye mota can nesa, ya ɗingisa da sanda ta ƙofar baya don kada a gan shi a layi. In ya fito, tun kafin in tayar da mota ya fara cewa maganin ya yi yawa, rabi zai sha. Na daina tanka masa. Ina tuƙi, yana kallon taga, har mu iso gida.