Gumin Ledar Ruwa

Ebo Kwansa mai buga katin biki da na jana'iza ne a unguwar Madina ta birnin Akra. Yana da shekara arba'in da bakwai likita ya ce jininsa ya hau. "Ciwon da ya ɗauke babanka ke nan. Ko ka motsa jiki, ko ka bi shi."

Ebo ya tsorata, na kwana uku. Ya sayi farin takalmi da rigar da ke matse tumbi, ya shiga ƙungiyar masu hawa Dutsen Aburi ranar Asabar. Hawan farko ko kwata bai yi ba ya zube bakin titi yana haki. To amma mai buga kati ya san aikin hoto. Tsoho nawa ya mayar saurayi a takardar jana'iza? Sai ya samo dabara: tasi ta kai shi kwanar ƙarshe, ya fasa ledar ruwa a ka, ya ɗaga hannu sama, ƙyas! A ƙasan hoton ya rubuta, "Rago ba ya ganin saman dutse."

Shekara biyu cur ana yi masa tafi a waya. Har wa'azi yake wa masu ƙiba, da yake gwano ba ya jin warin jikinsa. Matarsa Araba ta gaskata. "Maigida, mai hawan dutse ai sai da ci," in ji ta, tana ƙara masa fufu da miyar manja. Abin haushin, shi ma gogan ya gaskata. Ya kalli hotunansa ya ga ƙato lafiyayye, ya watsar da maganin likita.

Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi gaban injin buga kati, ɓarin dama ya shanye. Cikin masu zuwa dubiya har da wani dattijo, Ataa Lante, direban tasi.

"Madam, sannu da jinya. Asabar uku bai kira ni na hau da shi dutsen ba, na ce lallai ba lafiya."

Araba ta miƙe. Ta dai kawo wa baƙo ruwa.

Yanzu kullum da safe takan tallafe shi daga gado zuwa ƙofa, taku goma sha biyu. Gumi na tsiyaya, na gaske wannan karon, riga sharkaf. Jiya da suka kai ƙofar ta zaro wayarsa daga ƙugun zani.

"Maigida, ɗaga hannun mana in ɗauki hoto. Mutanenka na jira."

Ya yunƙura. Hannun bai ɗagu ba.