Wankakken Lauje

Ɗana na fari ne, don haka ba na kama sunansa. "Kai, wannan," nake ce masa, ya amsa.

A kakar da aka soke amininsa da wuƙa a bakin filin ƙwallo, nan Kazaure, yaron nan bai yi kuka ba. Da shi aka ɗauki makara, ya dawo ya cinye tuwonsa tas. Abin bai kwanta mini ba. Ni na haife shi, na san ko kaza aka yanka sai ya kau da kai.

Ana ta yankan shinkafa a lokacin, kowane saurayi ka gani da lauje a kafaɗa. To wa zai tare wa ya ce ina za ka da makami? Wata safiya ina tankaɗe na jiyo shi a zaure yana waya ƙasa-ƙasa: "Kowa ya taho da kayan aikinsa."

"Kai, wannan, wane aiki?"

"Ƙwadago ne, Inna. Shinkafar wani Alhaji a wajen Roni."

Oho. Yaron da ko gonar ubansa sai an yi kamar za a ci ɗanyensa yake zuwa, yau shi ne da ƙwadago? Na gaya wa mahaifinsu, ya ce in bar zargi, ai zargi zunubi ne, yaro ya yi hankali sai mu gode wa Allah. Na bar maganar, amma idona na kansa.

Da la'asar ya shigo. Na dubi ƙafarsa, babu taɓo. Wanda ya wuni cikin shinkafa yakan dawo yana soshe-soshe kamar mai ƙazwa, shi ko sau ɗaya bai sosa ba. Ya rataye laujen a jikin rumbu ya faɗa ɗaki. Na je na shafa. A jiƙe yake, an wanke shi fes har ƙotar. Tun da nake a duniya ban taɓa ganin wanda ya wanke lauje don ya yanki shinkafa ba. Wallahi tsoro ya kama ni.

Washegari aka ce an tsinci gawar wani saurayi a bayan gari, an sare shi a wuya. Uwarsa tare muke islamiyya, ba yadda za a yi in ƙi zuwa gaisuwa.

Na same ta a kan tabarma, idanu sun kumbura. Ta riƙe hannuna gam ta ce, "Yaya, ke ma uwa ce. Ki taya ni roƙo. Allah ya tona asirin wanda ya yi mini wannan, Allah ya ɗanɗana wa uwarsa abin da nake ji."

Matan ɗakin duka suka ce amin. Ita kuwa ba ta sake ni ba, bakina take kallo tana jira.

Na ce, "Amin."