Guguwar da Ta Tafi da Kajin Doña Nereida

"Shekarar guguwa ce, Likita, na gaya miki."

"Wacce, Mama? Rufin nan sau biyu yana tashi."

"To, wadda ta tafi da kajina."

"Ai kajinki ma sau biyu suka tafi!"

A barandar Doña Nereida ake wannan gardama, ita da ɗanta Wilkin. Likita Yocasta na zaune tsakaninsu da biro a hannu, kofinta har ya huce.

Wilkin makanikin babur ne a unguwarmu, nan bakin garin San Pedro. Shekararsa arba'in da biyu, teɓa ta fara leƙowa, kuma ba a cin shi a wasan domino sai ranar da ya ga dama. Yana da ciwon da likitoci ke kira sikizofiriniya, mai sa mutum jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Ƙwayoyinsa na cikin tsohon gwangwanin noti, kullum bayan karin kumallo yake sha. In 'yan acaɓa suka tsokane shi, sai ya ce, "Ni dai nawa likita ya san da shi. Kai fa, wa ke duba naka?"

Likitar da abokan aikinta suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ne. So suke su gano ko hanyoyin da sassanta ke aika wa juna saƙo sun bambanta tsakanin wanda ciwon ya kama da ƙuruciya da wanda ya kama bayan ya girma. Wilkin ya ƙwallafa rai a saka shi cikin binciken. Mutumin da ya kwance inji ya fi dubu, yana so ya ga nasa wayoyin. Sai dai ba sa ɗaukar wanda ba a san shekarar da ciwonsa ya fara ba, mu kuwa a nan da guguwa muke ƙirga shekaru. A ta farko yana da shekara sha shida, a ta biyu yana da ashirin da bakwai.

"Ta biyu ce," in ji Doña Nereida. "Ni na kai shi asibiti, da gemunsa da komai."

Likita ta sunkuya za ta rubuta. Wilkin ya sosa ƙeya.

"Dakata, Likita. Ni fa muryar farko da na ji, wandon makarantata ta yi wa dariya. Wai ya ɗage kamar zan tsallaka kogi."

"Wandon makaranta?" Doña Nereida ta ajiye faranti. "Kai, ɗan nan! Shekara goma sha ɗaya kana jin su, ni ina nan ina soya maka ayaba?"

"To Mama, ke da ba ki da rufi, ba ki da kaji, in ƙara miki da baƙi?"

"Baƙin banza! Wandon nan ni na ɗinka shi."

"Ai ita ma ta ce ɗinkin ya yi kyau. Tsawon ne dai."

Likita ta ƙunshe dariya, ta rubuta sha shida, ta ce ya zo ranar Talata, kada ya shigo da sifana ko ɗaya a aljihu, don injin hoton yana jan ƙarfe. Wilkin ya miƙe da murna zai je ya yi wa 'yan domino albishir. Uwar ta cafke gefen rigarsa, ta jawo kujera da ƙafa.

"Domino ya jira. Zauna nan, ɗana, ka ba ni labarin shekarun nan tun daga farko, kada ka tsallake mini komai."