Hau In Kai Ka, Baba

Shagon Baba Shawara bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma duk wanda ya taɓa hawa babur ɗin haya a unguwar ya zauna a kan aikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Sana'arsa ɗinkin kujerar babur. Za a kawo masa wadda rana ta tsattsaga har soso ya leƙo waje, ya feɗe ta, ya sake mata soso, ya yanko sabuwar leda ya ɗinke, ya ja ta tsam ya buga ƙusoshi. Shagon yana kallon bishiyar da masu babur ke jiran fasinja a ƙarƙashinta, kullum cikin warin gam da ƙarar keken ɗinki irin na takawa da ƙafa.

Kowane ɗan kasuwa yana da ɗan abin da yake ƙara wa mai saye. Shi abin da yake ƙarawa shawara ce, kuma nan ya samo sunan. Ba ya jira a tambaye shi. Kana tsaye kana jiran kujerarka, zai ce ba tare da ya ɗago kai ba:

"Kada ka shiga kasuwa da yunwa. Ciki ne zai yi cinikin, aljihu ya biya."

Ko ya dubi ƙafarka ya ce, "Farce bayan wanka ake yanke shi, lokacin ya yi laushi. Kuma ka riƙa goge tsakanin yatsun nan, ba rijiya ba ce da za a bar ruwa ya kwana a ciki."

Wanda ya zo yana zumuɗin sayen sabuwar waya, sai ya ce masa, "In abu ya burge ka, ka kwana tukuna. In da safe yana nan yana burge ka, ka sake kwana." Wanda ya zo da ƙullin ƙwayoyin da abokinsa ya ba shi kuwa, amsarsa ɗaya ce: "Maganin da ya warkar da maƙwabcinka na maƙwabcinka ne."

Abin mamakin shi ne yawancin shawarwarin nan daidai suke. Ya tsince su a rediyo, da bakin fasinjoji, da layin asibiti in ya raka wani. Yana tara su kamar yadda yake tara guntayen leda, ba ya yar da ko ɗaya. Sai dai duk shekarun nan bai taɓa ɗinka wa kansa komai da su ba. Shayinsa na safe, cokali kan iya tsayawa a ciki don sukari. Da rana lemon kwalba mai sanyi. Gidansa kuma a bayan shagon yake, ƙofa ɗaya ta raba su, saboda haka tafiyarsa ta yini ba ta wuce daga gado zuwa keke, daga keke zuwa masallacin da ke jikin bango.

Da farko ƙishirwa ce ta addabe shi, da yawan zagayawa. Ya ce zafi ne. Sai wata rana da yamma matarsa ta ga jini a silifas ɗinsa. 'Yar ƙusa ce irin ta aikinsa ta huda ƙasan silifas ɗin ta shige masa tafin ƙafa, ya yini da ita bai ji ba.

"Malam, ƙusa a ƙafarka tun yaushe?"

"Wace ƙusa?"

Ta ɗauko mayafinta, ta ce sai asibiti. Shi kuma bai yi gardama ba, don dukansu abu ɗaya suka tuna. Yayansa namiji ciwon sukari ya yi, aka yanke masa ƙafa, kuma har ya bar duniya akwai takalmi wari ɗaya a ƙarƙashin gadonsa wanda aka rasa mai ƙarfin halin yar da shi.

Likitar yarinya ce da ba ta girmi autarsu ba. Ta wanke ciwon, ta duba jini, ta ce sukari ne. Ta rubuta magani. Ta ce a rage zaƙi, a bar lemon kwalba, a ƙara ganye da wake, a sa takalmi rufaffe, a duba ƙafafun nan kowace yamma. Sannan ta ce da zarar ciwon ya warke, ya riƙa tafiya a ƙasa kullum har gumi ya ɗan tsatso masa.

Baba ya gyara zama. "'Yata, ni fa da ƙafar nan nake taka keke tun kafin a haife ki. Da za a haɗa takun, da na kai ƙarshen duniya."

"Ka kai, Baba," in ji ta, "amma a zaune."

A hanyar gida ya kafa wa matarsa sharaɗi: kada kowa ya ji. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gaya wa jama'a yadda za su zauna lafiya ba zai fito ya ce ya kamu da ciwon da shawara ke tarewa ba. Ta ce to, irin "to" ɗin da mata ke yi in sun bar wa lokaci aikin.

Da ciwon ya warke, ya sa sabon takalmin da ta saya masa ya fito da hantsi. Bai wuce shagon mai shayi ba ya ji babur ya tsaya a gefensa. Dogo ne, babban masu babur na bakin bishiyar, da fasinja a bayansa.

"Baba, ina zuwa haka a ƙasa?"

Nan Baba ya gane cewa likita ta ba shi tafiya amma ba ta ba shi wurin zuwa ba. A saninsa, dattijo ba ya tafiya haka kawai. Mai tafiya ba wurin zuwa, ko dai kansa ya taɓu, ko an kore shi daga gida.

"Nan gaba kaɗan," in ji shi.

"Hau in kai ka. Ɗan'uwa fasinja, sauka ka hau babur na baya, ubanmu ne."

"A'a, ka bar shi, na kusa."

Dogo ya dube shi, ya dubi kujerar, ya shafa ta. "Baba, ko kujerar ce ba ka yarda da ita ba? Kai fa ka ɗinka ta."

Fasinjan ya kasa kunne. Mai shayi ya daina fifita wuta. Baba ya auna: mai abincin da ya ƙi ɗanɗana girkinsa, wa zai ƙara saye a wurinsa? Ya ɗaga ƙafa ya hau.

"Ina muka nufa?"

Sunan da ya fara zuwa bakinsa shi ne gidan yayarsa mace, can ƙarshen gari, wadda rabonsa da ita tun wani suna. Da ta gan shi sai da ta yi ƙwalla. Ta ce ashe ana tunawa da ita. Ta aika aka sayo lemo mai sanyi, ta cika faranti da shinkafa, ta zauna tana kallonsa don ta tabbatar ya cinye.

"Yaya, na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Ni na goye ka, na san cikinka. Ci."

Ya ci. Da ya fito, Dogo na nan a ƙofar gida yana jiransa, don ba ya yiwuwa a kai uba a bar shi ya dawo a ƙasa.

Washegari ya bi ta lungu. A tsakiyar lungun ya yi kiciɓis da wani mai babur wanda ya yi wa kujera bara, shi ma ya ɗauke shi. Rana ta gaba ya gwada dabara: da ya ji ƙarar babur, sai ya sunkuyar da kai kamar mai neman abin da ya faɗi. Kafin ya ankara babura sun jeru a gefen titi, samari na tona yashi da ƙafa suna tambayar ko makulli ne. Da aka rasa, aka kai shi wurin mai yanka makulli, ya yanko wanda har yau ba a san ƙofar da yake buɗewa ba.

Tunda kullum sai an tambaye shi ina zuwa, kullum sai ya nemo wani ɗan'uwa. Ya gaida kawunsa da ya kurumce. Ya gano 'ya'yan ƙanwar mahaifiyarsa. Ya duba surukan autarsa. Ko'ina ya je a kawo abin sha mai zaƙi, don ba a tarbar baƙo irinsa da ruwa zalla. Cikin wata guda dangi suka fara ba da misali da shi wajen zumunci, wandonsa kuma ya fara matse shi.

Matarsa ce ke duba ƙafafun kowace yamma kamar yadda aka ce. Takan zaunar da shi a bakin ƙofar ɗaki inda akwai haske, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta shafa mai a diddige. Wata yamma da ta gama, sai ta ɗauki takalmin ta juya ƙasansa.

"Malam, wace hanya kake bi?"

"Hanyoyi da yawa."

"Lallai masu kyau ne. Takalmin nan ko yau na mayar da shi shago za su karɓa."

Da suka koma asibiti, sukari ya hau maimakon ya sauka. Likita ta tambaya ko yana fita kuwa.

"Yana fita, likita," in ji matar. "Ni shaida ce. Tafiyar ce ban sani ba."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya rufe ido, ta ɗauko wani siririn zare mai tauri ta riƙa taɓa tafin ƙafarsa, ta ce duk inda ya ji ya faɗa. Ya ji a diddige. Ya ji a tsakiya. Sai aka yi shiru, ya zaci ta gama. Da ya buɗe ido, ya ga zaren a dafe da babban yatsansa na dama, wanda yake taka keke da shi, har ya lanƙwashe.

"Abin da ya tafi ba lalle ya dawo duka ba, Baba," in ji ta. "Wanda ya rage muke so mu tsare."

Washegari bai bi lungu ba. Ya tsallaka titi ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar, inda masu babur ke karyawa. Ya yi gyaran murya irin ta mai shirin ba da shawara.

"Akwai wani mutum," in ji shi, "da likita ta ce in bai riƙa tafiya a ƙasa ba, zai rasa ƙafarsa."

"Allah sarki," in ji Dogo. "Allah ya ba shi lafiya. A ina yake? Hau mu je mu duba shi."

Baba ya dubi kujerar. Ɗinki mai kyau, ko zare ɗaya bai tashi ba.

"Ni ne mutumin. Sukari gare ni. Wata guda ke nan ina ƙoƙarin tafiya kuna kwashe ni."

Ya jira dariya, ko a ce ashe mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ba wanda ya ce haka. Dogo ya ajiye burodinsa.

"Haba Baba. Wato mu ne muke ta kai ka a yanke maka ƙafa, kana ce mana an gode?"

Daga nan shawara ta ɓarke kamar an fasa tulu. Wani ya ce ganye kaza mai ɗaci, a jiƙa a sha. Wani ya ce kakarsa da ɓawon wata bishiya ta warke. Wani ya zaro ƙwayoyi daga aljihu, ya ce ragowar na babansa ne. Dogo ya ture hannun.

"Mayar. Maganin da ya warkar da babanka na babanka ne."

Baba ya buɗe baki zai ce maganarsa ce wannan, sai ya ga ba wanda ya tuna. Ya rufe.

Kafin azahar labari ya gama tashoshin babur na garin. Mai shayi ya ɓoye gwangwanin sukari da ya hango shi. Yaya ta aiko da kwandon ganye da saƙon cewa in ya sake ɓoye mata ciwo, sai ta zo har shago ta ja masa kunne a gaban yaransa.

Tafiyar ta yi masa wuya da farko, daga baya ta fara ba shi sha'awa. Ya gano cewa titin nasu yana da ƙarshe. Ya ga inda ruwan kwatarsu yake zuwa. Ya ga gidan da ake yin burodin da ya shekara yana ci. Ya kuma tarar da wani mai ɗinkin kujerar babur a bayan makaranta, wanda aka ce ya daɗe a wurin. Ya tsaya ya duba aikinsa, ya ba shi shawara a kan zare. Da aka sake gwada jini, sukari ya sauko. Babban yatsan bai farka ba, amma sauran suna nan da jinsu.

Matsala ɗaya ce ta rage. Ran nan ya je kasuwa ya sayo naɗin soso da leda, yana fitowa hadari ya haɗu. Ya tsaya a bakin titi da kaya a ka, ya ɗaga hannu da gaske, karo na farko. Mai babur na farko ya rage gudu, ya gane shi, ya ƙara wuta.

"Taka, Baba! Lafiya ce!"

Na biyu ya ɗaga masa babban yatsa ya wuce. Yayyafi ya fara. Can sai ga Dogo, ya tsaya, Baba ya yi hamdala. Dogo ya sauke masa kayan, ya ɗaure su tsaf a kan kujera, a daidai inda mutum zai zauna.

"Za ka same su a shago. Kada ka tsaya a hanya, gumi ake so."

Ya iso gida a jiƙe sharkaf. Matarsa ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta cire takalmin, ta goge tsakanin yatsun sosai kamar yadda wani mutum ya sha faɗa wa jama'a. Sannan ta juya ƙasan takalmin ta daɗe tana kallo. Taɓo ya cika shi, diddigen ya fara cinyewa ta gefe ɗaya.

"Wannan kam," in ji ta, "ba shagon da zai karɓe shi."

Ta jera su biyun a jikin bango su bushe.