Ranar da Na Sasanta Rasha da Amurka a Kan Katanga

Shekarar farin nan da muka ci jar dawar agaji, soja ke mulki, kuma ba a taɓa su da baki. Ka ce gero ya yi tsada a kasuwar Matameye, washegari a ce jandarma na nemanka. To namiji kuwa ba ya iya zama ba gardama. Sai mazanmu suka koma wa yaƙin Afganistan, tunda shi ba a ɗaure kowa a kansa.

Maigidana yana da rediyon da ya sayo a Kano wajen cin rani. Yayansa, wanda katanga ce kawai ta raba mu, shi ke sa pil, wato batir. Bayan la'asar su baje tabarma su saurara. Yaya ɗan Amurka ne, wai dawarsu ce a cikinsa. Maigida ya ɗauki Rasha, ba don ya san su ba, don dai Yaya ya riga shi ɗaukar Amurka.

Ran nan gardama ta yi zafi, Yaya ya ce, "Kai dama tun kana yaro marasa salla kake bi." Maigida ya kashe rediyo, ya zare pil, ya miƙa masa. Shi ke nan. Wata bakwai ko gaisuwa babu. Rediyo a wurinmu ya zama kurma, pil a wurinsu suna kwance cikin kwano.

Da a nan ta tsaya, da sai in ce su ƙarata. Amma damina ta matso, mu kuwa yunwa ta sa mun cinye irin shukarmu. Yaya na da sauran dami a rumbu. Facalata, matar Yaya, ta ce in zo in ɗiba. Da na taɓa wa maigida zancen sai ya ce, "Ƙwayar Amurka ba ta shiga gonata. Gara ta zauna fili."

Ni ban yi lokol ba, ban san boko ba, amma kunnena ba ya hutu. Can baya ina daka na ji rediyo ya ce masu sulhun yaƙin nan ba sa zama ɗaki ɗaya. Kowa da ɗakinsa, wani bawan Allah ke kai da komo. Na ce, ashe aikin mata ne suka sa wa kwat. Na yafa gyale na zaga.

"Yaya, ƙaninka na gaishe ka."

"Shi ya faɗa?"

"A fuskarsa na gani."

"To ki gaya masa ya janye daga Afganistan tukuna."

"Haba Yaya! Mutumin da ko Damagaram sau biyu ya taɓa zuwa?"

Na dawo na ce wa maigida an samu ci gaba, magana ɗaya ta rage. Ya ce, "Shi ya fara daina ba su makamai." Yaya fa, da ko gwafa ba ya da ita.

Kwana uku ina wannan zirga-zirga, hadari na haɗowa daga gabas yana watsewa. Sai na lura da abin da ke cin su duka biyun: wata bakwai ba su san wa ke kan wa ba. Na ce wa maigida na ji a bakin rijiya an kusa sulhu, kuma Rasha ce da rinjaye. Na zaga na gaya wa Yaya haka, na dai canza sunan ƙasa.

Amma wa zai shiga gidan wa? Babu. Sai muka ɗora rediyon a kan katanga, facala ta miƙo pil, kowa ya zauna a ɓangarensa yana kallon bango.

Rediyo ya yi tari, ya ce an tashi taro ba a cimma komai ba, amma an amince za a sake zama bayan wasu watanni, kuma kowane ɓangare ya ce tattaunawar ta yi armashi.

Daga bayan katanga muka ji Yaya: "Kai! Har yanzu gaisawa suke?"

Maigida ya ce, "Ina ruwansu? Su ba shuka za su yi ba."

Can Yaya ya gyara murya.

"Akwai iri tiya biyu nan. Ba kyauta ba ce, ladan jin rediyo ne."

Maigida ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "In na rediyo ne, to. Amma ban janye ba."

"Wa ya ce ka janye? Zauna can, sanyi ya kashe ka."

Bayan kwana biyu aka yi ruwan shuka. Da asuba maigida ya ce in je in karɓo irin. Na fita, na yi zagaye ɗaya a ƙofar gida, na dawo na jawo ƙwarya daga ƙarƙashin gadona, inda facala ta ajiye mini shi tun sati guda da ya wuce. Muka shuka. Su can kuwa sai da muka yi girbi huɗu suna sake zama.